Ta yaya aka san tauraro yana kumbura, alhali ɗigon haske kawai ake gani?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Na karanta cewa akwai taurarin da haskensu yake ƙaruwa yana raguwa saboda suna kumbura suna sacewa a kan ƙayyadadden lokaci. Abin da ya shige mini duhu shi ne, yawancin taurari ko a babban madubin hangen nesa ɗigo ne kawai, ba a ganin faɗinsu. To, da wace hujja aka ce kumbura suke yi, ba wani abu ne yake gittawa yana kare su ba?

Tsohon Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, tambayarka ta dace, domin masana da kansu sun daɗe suna zaton taurari biyu ne masu zagaya juna, har sai da masanin taurari Harlow Shapley ya kawo hujjojin kumburin a 1914.

Hujja ta farko tana cikin zanen da ake samu idan an jera ma'aunin haske dare bayan dare. Tauraron Algol, wanda abokinsa ne yake kare shi, haskensa kusan a tsaye yake, sai duk bayan kwana 2.87 ya dusashe na kimanin awa 10, kuma yadda ya sauka haka yake hawa. Shi kuwa Delta Cephei, wanda John Goodricke na Ingila ya gano sauyinsa a 1784, ba ya tsayawa ko kaɗan: yana hawa cikin wajen kwana ɗaya da rabi, sannan ya yi ta sauka a hankali har kusan kwana huɗu, ya cika zagayensa a kwana 5.37. Launinsa ma yana sauyawa, alamar zafin fuskarsa yana hawa da sauka, kuma idan aka rarrabe haskensa zuwa launuka sai a ga siraran layuka masu duhu da ke cikin launukan suna gocewa, abin da ke nuna fuskar tana matsowa gare mu tana kuma ja da baya. Wani abin da ya kamata a lura da shi, haskensa ya fi tsanani lokacin da yake faɗaɗa da sauri, ba lokacin da ya kai ƙarshen girmansa ba.

Dalilin kumburin kuwa wani shimfiɗi ne na iskar hiliyum a ƙarƙashin fuskar tauraron. Idan ya matse ya yi zafi sai ya tare hasken da ke fitowa daga ciki, ƙarfin ya taru ya tura shi waje; da ya faɗaɗa ya huce sai ya ba hasken hanya, nauyi kuma ya sake jawo shi ciki.

Mai Duban Dare:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Zan ƙara da cewa ɗan'uwanmu yana iya gwada wannan da idonsa, ba tare da na'ura ba. Kusa da Delta Cephei akwai Zeta Cephei mai ma'aunin haske 3.4 da Epsilon Cephei mai 4.2, shi kuma yana kai komo tsakanin 3.5 da 4.4, kuma a wannan ma'auni ƙaramar lamba ita ce haske mai yawa. Kowane dare ka kwatanta shi da su biyun, ka rubuta lamba da lokaci. Kada daren da gajimare ya rufe ya dame ka, domin bayan wata biyu za ka raba kwanakin da 5.37, ka bi ragowar rabawar ka jera kowane awo a gurbinsa na zagaye ɗaya, siffar hawa da saukar hasken ta fito. Ni dai ranar da na ga tawa ta fito, na daɗe ban yi farin ciki irin wannan ba. Shawarata ita ce kada ka duba lokacin da ake sa ran hawansa kafin ka auna, saboda ido yana bin abin da zuciya take tsammani.

Mai Neman Sani:
Na gode ƙwarai. Amma Malam, sanin tsawon zagayen yana da wani amfani bayan rarrabe taurarin?

Tsohon Malamin Kimiyya:
A ganina nan ne ma babban amfanin yake. A 1912 Henrietta Leavitt ta Harvard ta nuna, daga irin waɗannan taurari 25 a ƙaramin Gajimaren Majelan (wani ƙaramin gungun taurari da ke maƙwabtaka da namu), cewa wanda zagayensa ya fi tsawo shi ya fi haske. Tun da nisansu daga gare mu kusan ɗaya ne, bambancin na ainihin haskensu ne. Saboda haka zagaye yana bayyana ainihin haske, idan kuma aka kwatanta shi da hasken da ya iso mana sai a sami nisa. Da wannan hanya Edwin Hubble, bayan ya gano irinsu a Andromeda a 1923, ya tabbatar cewa Andromeda wani gungun taurari ne daban, can wajen namu. Sai dai dole a fara tantance ajin tauraron, domin RR Lyrae mai zagayen kusan awa 13 da rabi da Mira mai kusan kwana 332 su ma suna kumbura, amma kowane aji da nasa lissafin.