Ina so in kai Hajiyata bakin teku a tsibirin Skye, ina ne gwiwarta za ta iya kaiwa?

Ɗan Ƙofar Mata:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema a wurin waɗanda suka taɓa zuwa tsibirin Skye da ke arewa maso yammacin Sikotland.

Karatu nake yi a Gilasgo, kuma in Allah ya yarda ƙarshen watan Yuni za a yaye mu. Hajiyata za ta zo daga Kano, biza ta riga ta fito. Shekararta 64, kuma in ka cire abin da ta hango ta tagar jirgi lokacin aikin hajji, ba ta taɓa ganin teku ba. Da na tambaye ta abin da take so in nuna mata, ba ta ce kasuwa ba, ba ta ce manyan gine-gine ba. Cewa ta yi, "Ka kai ni inda zan ga ruwan da ba a hango ƙarshensa, in sa hannuna a ciki." Tun rasuwar mahaifinmu da keken ɗinki da adashe ta riƙe mu, kuma wannan ne karo na farko da ta buɗe baki ta nemi wani abu a wurina.

Damuwata gwiwarta ta hagu. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tana yin tafiyar rabin awa in za ta riƙa tsayawa, amma matakala da gangare suna ba ta wuya, wani lokaci ma a kan kujera take sallah. Hotunan Skye kuwa duk duwatsu ne da tuddai. Kwana uku gare mu, zan yi hayar mota. Ga abin da na rubuta a takarda: Old Man of Storr, Quiraing, Fairy Pools, Neist Point, Coral Beach. Wanne zan bari, wanne zan soke? Sannan yaya kuka yi da abinci da sallah?

Bazazzagi:

Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka a karatun, ya kawo Hajiya lafiya. A Inverness nake aiki, na sha zuwa Skye, har da surukina mai dogara sanda na taɓa kaiwa. Ƙanena, ɗauki biro ka soke uku na farko. Storr hawa ne tun daga inda ka ajiye mota har sama. Quiraing siririyar hanya ce a gefen gangare. Fairy Pools kuwa ba ma teku ba ne, rafi ne a gindin duwatsun Cuillin, kuma a dawowa sai an hau tudu kafin a iso mota. Storr ɗin za ku gan shi sarai daga titi a hanyar Staffin, ya wadatar.

Abin da Hajiya ta kwatanta maka, Coral Beach ne. Daga Dunvegan za ka wuce tsohon gidan sarautar zuriyar MacLeod, ka bi siririn titi har inda ya ƙare a Claigan. Daga wurin ajiye motoci zuwa bakin ruwan bai cika kilomita 2 ba. Hanyar gona ce, akwai tsakuwa, akwai ƙofofin shinge da za ka buɗe ka mayar ka rufe saboda dabbobi, sai ɗan tudu ɗaya gab da ƙarshe. Mai ƙarfi minti 25 yake yi, ku kuwa ku ware awa guda, ka riƙo mata kujerar nan mai naɗewa. In kun isa, ka duƙa ka ɗebi farin abin da ke ƙarƙashin ƙafarka ka duba. Ba yashi ba ne. Ɓarɓashin wata ciyawar teku ce mai tauri, tana da rai ja ce, in ta mutu igiyar ruwa ta farfasa ta, rana ta mayar da ita fara, ta gauraya da 'yan mitsi-mitsin katantanwa. Shi ya sa ranar da gari ya washe ruwan wurin yake yin shuɗi mai haske. Ku kalla ku bar shi a inda yake, ba a kwasa a tafi da shi.

Neist Point ku je, amma kada ta sauka. Hasumiyar fitilar jiragen ruwa da ke can tun 1909 take, sai dai hanyarta matakalar kankare ce mai tsananin gangare, saukar ta fi hawan cin gwiwa. Daga sama ma ana ganin teku shimfiɗe, in ba hazo har tsibiran da ke can yamma ake hangowa. Ka riƙe hannunta, iskar wurin ba ta wasa. Ka ƙara Kilt Rock a takardarka: taku kaɗan ne daga mota, akwai shinge, kuma a nan ruwa ke zubowa daga saman dutse fiye da mita 50 kai tsaye cikin teku.

Sai maganar hanya. Daga Gilasgo zuwa Portree, babban garin tsibirin, mil 200 ne da 'yan kai, ta Loch Lomond da Glencoe da Fort William. Ka lissafa awa 6 da tsaye-tsaye. Ba sai ka shiga jirgin fito ba, akwai gada tun 1995, kuma an daina karɓar kuɗin hawanta a ƙarshen 2004. Wato cikin kwana ukun nan naku biyu na hanya ne, yini ɗaya tal ne naku. A cikin tsibirin tituna da yawa mota ɗaya suke ɗauka, an yi musu 'yan aljihuna a gefe don a kauce wa juna. Ba wurin ajiye mota ba ne, kada ka tsaya ɗaukar hoto a ciki. Masauki kuma ka kama tun yau, bazara ce, wuri cika yake yi.

Maman Ilham:

Sannu ƙanena, Allah ya saka maka da alheri kan wannan niyya. Duk abin da Malam ya faɗa haka yake. Ni abu ɗaya zan jaddada, don ya taɓa cin mu: tekun nan cika yake yi ya janye, sau biyu a yini da dare, kusan awa 6 tsakanin cika da janyewa. Mu da muka tashi a bakin rafi da dam ba mu san wannan ba. A Coral Beach ɗin nan akwai wani ɗan tsibiri a gabanka, Lampay, wanda in ruwa ya janye sosai ake takawa a ƙafa. Mun tsallaka ni da maigidana da Ilham, muka zauna cin abinci muka juya wa hanyar baya. Ko da muka waiwayo, ruwa ya fara rufe ta. A kafaɗa ya ɗauko yarinyar, ni kuma na ratso ruwa har gwiwa, ga sanyi kamar ƙanƙara, zanina ya jiƙe sharkaf. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake yi. Ka duba jadawalin cikar teku a intanet tun kana masauki, don a wurare da yawa waya ba ta samun sabis. Kada ku tsallaka ko kun ga wasu suna yi. In wani abu ya faru a bakin ruwa, 999 ake kira a nemi masu tsaron gaɓa.

Game da shigar Hajiya, kada hasken rana ya ruɗe ka. Ta sa wando mai kauri a ƙarƙashin zani, da rigar sanyi, da rigar ruwa a sama. Dogon hijabi iska kama shi take yi ya riƙa jan mutum, gara gajere wanda za ta cusa cikin riga. Takalmi mai igiya da ƙaƙƙarfan ƙasa, ka saya mata tun a Gilasgo ta yi kwana biyu tana yawo da shi a gida. Akwai kuma wasu 'yan ƙwari kamar ƙyashi, gungu-gungu suke zuwa da safe da yamma in iska ta kwanta, cizonsu ƙaiƙayi. Ana sayar da man shafawarsu a kantunan can. A Claigan babu banɗaki, ku biya na Dunvegan kafin ku wuce.

Abinci kuwa, ni dambun nama da soyayyar miya na ƙulla daga gida, muka kama masauki mai kicin. A tashar jiragen ruwa ta Portree, inda gidajen nan masu launi-launi suke, ana samun kifi da dankali, sai dai ka tambaya ko da giya aka kwaɓa fulawar, don wasu suna yin haka.

Ɗan Maraɗi:

Ni dai ra'ayina daban, a yi mini afuwa. Dattijuwa mai ciwon gwiwa, awa 6 a zaune cikin mota zuwa, awa 6 dawowa, anya? In teku ne buƙata, Troon da Ayr ba su kai awa guda daga Gilasgo a jirgin ƙasa ba, rairayi ne shimfiɗe ba tudu ba kwari. In kuma tsibiri mai duwatsu kake so, ga Arran nan kusa. Amma in zuciyarka ta tsaya kan Skye, ka riƙa tsayawa duk bayan awa ɗaya da rabi ta miƙe ƙafa.

Sallah kuma ku matafiya ne, akwai ƙasaru. Alƙibla kudu maso gabas take. Ƙarshen Yuni a can rana ba ta faɗuwa sai bayan 10 na dare, kuma jan sararin nan ba ya gama ɓacewa har gari ya waye, don haka ka tambayi limaminku tun kafin ku tashi yadda za ku yi da isha'i da asuba. Ka shaida wa Hajiya tun da wuri, kada abin ya dame ta.

Ɗan Ƙofar Mata:

'Yan'uwa, mun je mun dawo lafiya, na ga bai kamata in yi shiru ba. Malam na Maraɗi, maganarka ta hanya gaskiya ce: sau huɗu muka tsaya, duk da haka da muka isa Portree sai da na dafa ruwan zafi ta gasa gwiwar. Na ce ko mu haƙura da tafiyar ƙafa gobe, ta ce in ta zo har nan ta koma ba ta taɓa ruwan ba, me za ta gaya wa 'yan'uwanta?

Ƙarfe 8 na safe muna Claigan, motoci uku kawai muka tarar. Minti 55 muka yi a hanya, sau uku ina buɗe mata kujera. A zama na biyu shanu suka zo suka tsaya suna kallonmu, ta ce rabonta da jin warin garke da safe tun tana yarinya a gidan kakarta. Tudun ƙarshen nan da Malam Bazazzagi ya faɗa, a kafaɗata ta dafa muka hau shi taku ɗaya-ɗaya. Da muka kai sama farin bakin ruwan ya bayyana, sai ta saki kafaɗata ta tsaya. Ba ta ce komai ba sai "Subhanallah", ta yi ta maimaitawa a hankali.

Da muka sauka ta zauna, na kwance mata takalmi na cire safa. Ta taka har ruwa ya rufe idon sawunta, ta ja numfashi saboda sanyi, amma ba ta ja da baya ba. Ta ɗebo a tafin hannu ta ɗanɗana, ta ce, "Ashe da gaske gishiri ne." Sannan ta tambaye ni ko ya halatta a yi alwala da shi, na ce ƙwarai. Ta yi alwalarta a nan, na shimfiɗa mata sallaya a kan ciyawa, ta yi raka'a biyu a zaune, ta daɗe tana yi wa mahaifinmu addu'a. Anti Maman Ilham, mun ga ɗan tsibirin naku, ruwa ya janye har wasu suna tsallakawa, na ba ta labarinku ta ce mu zauna inda muke.

Neist Point hazo ya rufe shi ruf, ko bakin dutsen ba mu gani ba, a cikin mota muka sha shayi muka juyo. Kilt Rock muka tsaya washegari da sassafe kafin mu kama hanya. Takalmin nan ta ce ba za ta bar shi a Gilasgo ba, ta sa shi a leda ta cusa a akwati, da sauran farin ɓarɓashin da ya maƙale a ƙasansa.