Wa ya taɓa yin ido biyu da mutum-mutumi mai kama da ɗan Adam?

Maman Ilham, Kubwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aikin tarbar baƙi a wani otal a Wuse II. Mai otal ɗin ya dawo daga Dubai da zancen mutum-mutumi a bakinsa, wai zai ajiye guda a kantar tarbar baƙi ya riƙa yi wa baƙi maraba yana miƙa musu katin ɗaki. Ko da wasa ya faɗa ko da gaske, tun ranar babu mai walwala a cikinmu. Don Allah wanda ya taɓa ganin abin nan da idonsa, ba a TikTok ba, ya ba mu labari.

Hajiya Bilki, Gwarimpa: Wa alaikumus salam. Ni na tsaya gaban ɗaya a Dubai, a ginin nan mai siffar zobe da rubutun Larabci a jikinsa, Museum of the Future. Sunanta Ameca, wani kamfanin Ingila, Engineered Arts, ne ya ƙera ta. Fuska launin toka, kai ba gashi, a wuya da kafaɗu kana ganin ƙarafa. Daga nesa ban ji komai ba. Sai da na matso ta juyo, ta ɗaga gira, ta ƙifta ido, ƙwayar idon ta biyo ni, wallahi tsigar jikina ta tashi. Ɗana yana ta jero mata tambayoyi yana dariya, ni kuwa a'uzubillahi kawai nake a zuci. Murmushin ne ya fi damuna: leɓe ya buɗe daidai, kumatu sun motsa, amma ka san babu kowa a ciki. Surukata ko kallo ba ta yi ba, ta ce ita ba ta tsayawa gaban gunki.

Da na je Umra kuma na ga wasu a Harami masu tafiya a kan taya, da allo a gaba, ka zaɓi harshenka, har da Hausa, ka yi tambaya a kan ibada. Ba fuska, ba hannu. Waɗannan ko ɗar ban ji ba, har tsofaffi na gani suna latsawa.

Injiniya Auwal, Wuye: Hajiya, ba ke kaɗai ba ce. Tun 1970 wani masanin Japan, Masahiro Mori, ya rubuta cewa mutane suna ƙara sakewa da na'ura idan tana ƙara kama da mutum, amma da kamar ta kusa cika sai sakewar ta koma ƙyama.

Bari in ba ku nawa labarin, daga bayan labule. An taɓa ɗauka ta haya a wani baje kolin fasaha a nan Abuja, wani kamfani ya kawo mutum-mutumi mai fuskar mace. Ni aka zaunar a ƙaramin ɗaki da kwamfuta, da abin ji a kunne, kyamarar da ke goshinta tana nuna min wanda ya tsaya. Gaisuwa da bayanin kamfani an riga an loda mata. Tambayar da ta fita daga layi kuwa ni ke bugawa da sauri ta karanta. Wani babban mutum da babbar riga ya ce mata "ina gajiya?", na buga "ba gajiya, ranka ya daɗe", wurin ya ɗauki tafi. Da aka ɗauke wuta kafin janareta ya tashi, sai ta tsaya baki buɗe, hannu a sama, muka ja yadi muka rufe ta.

Ba mu kaɗai ke haka ba. A bikin kamfanin Tesla na Oktoba 2024, mutum-mutuminsa da ake kira Optimus da suka riƙa zuba wa baƙi abin sha suna hira, daga baya an tabbatar mutane ne ke taimaka musu daga nesa. Maman Ilham, ki ba ogan naku labarin otal ɗin Henn-na na Japan: an buɗe shi a 2015 da mutum-mutumi a kanta, zuwa 2019 ya sallami fiye da rabin guda 243 da yake da su, saboda aikin da suke jawo wa ma'aikata ya fi wanda suke ragewa. Wadda ke cikin ɗaki ma munsharin baƙo take ɗauka magana ce, ta tashe shi da tsakar dare tana tambayar me ya ce.

Malam Ɗanjuma, Garki: Injiniya, to ita mutum-mutumin nan Omeife da kamfanin Uniccon ya gabatar a nan Abuja a Disamba 2022, wadda aka ce tana jin Hausa da Ibo da Yarbanci fa? Da Sophia da ta yi hira da Amina Mohammed a Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017, har Saudiyya ta ba ta takardar zama 'yar ƙasa? Ni tambayata ɗaya: idan ta yi min sallama, in amsa?

Injiniya Auwal: Malam, wannan fatawa ta fi ƙarfina, ku ne malamai.

Alhaji Sani, Dei-Dei: Ni ina zuwa Guangzhou sarin kayan gini. A otal ɗin da nake sauka, in ka sayi abinci, wani akwati mai taya ne ke hawa lif da kansa, ya tsaya a ƙofarka, wayar ɗaki ta yi ƙara, ka buɗe murfi ka ɗauka. Wannan yana aiki, ba gardama. Masu ƙafa biyu kuwa a wajen baje koli kawai nake ganinsu, kuma ko da yaushe da wani yaro a gefe riƙe da rimot. Na tambayi kuɗin ƙaramin na kamfanin Unitree, mai suna G1, a lokacin daga dala 16,000 yake farawa, ban da kwastan da kayan gyara. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne. 'Yata, ki yi lissafi da kanki. Mai otal ɗan kasuwa ne, in ya saya ma don a zo a ɗauki hoto ne.

Nasiru, Nyanya: Alhaji, kada mu kwantar mata da hankali fiye da kima. Ni na yi aikin kanta a wani banki. Babu wani mutum-mutumi da ya shigo reshenmu. ATM aka ƙara, manhajar waya ta zo, masu POS suka cika kowace kwana, layi ya ragu, aka kira mu 'yan kwantiragi ɗaya bayan ɗaya. Yau ni ma POS nake yi a ƙarƙashin lema. Maman Ilham, kada ki sa ido a kan mai fuska. Ranar da kika ga an kafa allo a bakin ƙofa baƙo yana shigar da sunansa kati ya fito, ranar za ki fara neman wata hanya. Ki koyi lissafin otal da manhajar ajiye ɗakuna tun yanzu, wanda ya iya su shi ake bari.

Sadiq, ɗalibi a Sin, ɗan Lugbe: Yaya Nasiru ya faɗi gaskiya, amma ku bar raina masu ƙafa biyun. A Afrilu 2025 an sa guda 21 tseren rabin gudun fanfalaki a Beijing. Wasu sun kife tun a farko, shida kawai suka kai ƙarshe, na gaba ya yi awa 2 da minti 40, ana canza masa batir a hanya. Mutane sun yi dariya, amma kamfanonin ba su tsaya ba.

A hutu na samu aikin wucin gadi a wani wurin horar da su. Za a sa maka gilashi a fuska da abin riƙewa a hannu biyu, duk motsin da ka yi sai mutum-mutumin da ke gabanka ya kwaikwaya, kwamfuta tana adanawa. Mu da yawa ne a layi, kowa da teburinsa. Ni tawul aka ba ni: ɗauka, kaɗe, ninka uku, ajiye, sake. Zuwa la'asar kafaɗa kamar an yi mata duka. Da farko in gefen tawul ya naɗe sai ya rikice ya saki, kafin in bar wurin yana gyara shi da kansa, ko da yake mai shara a otal za ta ninka biyar kafin ya gama ɗaya. Anti, kanta dai ban ga ana koya musu ba a wurinmu. Tawul da zanin gado da jera kaya a kan shelf, su ake ta maimaitawa.