Neman kalmar Hausa: me za mu kira chromatin?

1/ Jama'a, masu kimiyya da masu harshe ku matso kusa. Kalmar da ta hana ni sakat ita ce chromatin, wadda ɗaliban bayoloji ke furtawa kuromatin. Ina rubuta bayani ne da Hausa a kan aikin David Allis, masanin nan ɗan Amurka da ya rasu a Janairun 2023, kuma rayuwarsa kaf a kan abin nan ya ƙarar da ita, don haka ba hanyar da zan bi in kauce wa kalmar. Na jefa tambaya, amsoshi sun shigo, to bari in tattaro su in faɗi inda na tsaya.

2/ Ga wanda bai san abin ba tukuna. A cibiyar kusan kowace ƙwayar halittar jikinka akwai DNA, wato zaren da bayanan gado ke rubuce a jikinsa, wanda in aka miƙe shi zai kai wajen mita 2, alhali cibiyar kanta ido ba ya ganinta sai da maikuroskof. To ta yaya ya shiga? Naɗe shi aka yi. Akwai wasu furotin da ake kira histon, guda 8 ne suke haɗuwa su dunƙule, zaren DNA ya zagaye su sau biyu saura kaɗan, wajen haruffan DNA 147 ke nan, sai ya ɗan miƙe ya kama wani dunƙulen ya sake zagayewa, haka dai har ƙarshe. Zaren da histon ɗin a haɗe su ne kuromatin.

3/ Shawarar farko da ta zo daga wani malaminmu ce, ya ce tunda asalin kalmar daga Girkanci take kuma launi take nufi, a ce "mai-launi" ko "rinanne". Malam, Allah ya ƙara ilimi, tarihin da ka kawo daidai ne. Walther Flemming ne ya raɗa sunan a Jamus wajen 1880, yana duba ƙwayoyin halittar salamanda, wata dabba mai kama da ƙadangare, ya zuba rini ya ga wani abu a cibiya ya sha rinin sosai, bai san mene ne ba bai san aikinsa ba, sai ya kira shi da abin da idonsa ya gani. Shi uzurinsa a fili yake. Mu fa? Shekara sama da 140 ta wuce, an san abin ciki da waje, me zai sa mu ɗauko sunan rashin sani mu fassara wa yaranmu? Kuma abin ma ba shi da launi a jiki, sai an rina shi a ɗakin gwaji. Yaro ya ji "rinanne" wallahi marina zai tuna.

4/ Wata 'yar'uwa ta ce a kira shi "carbi", don haka yake fitowa a hoto. Gaskiya ne, Ada Olins da mijinta Donald Olins sun wallafa hotunan a 1974, ƙwaya-ƙwaya a jikin zare, kuma a shekarar ne Roger Kornberg ya bayyana yadda dunƙulen yake. Sai dai Hajiya carbi zaren ta cikin ƙwayar yake bi, nan kuwa ta waje yake zagaye ta, kuma wannan bambancin shi ne duk maganar. Sannan ni dai ba na son mu ja kayan ibada cikin abin da gobe za a ce ya lalace ya jawo kansa.

5/ Masu cewa a bar shi kuromatin kawai kamar yadda muka bar kwamfuta da intanet, ban ƙi ta taku ba, ɗalibin da zai rubuta WAEC ko JAMB dole ya san ta. Amma kwamfuta kana ganinta a gabanka, sunan ba sai ya yi maka bayani ba. Abin da ba a gani, sunan ne kaɗai hannun da za ka riƙe shi da shi.

6/ Yanzu ga dalilin da ya sa na ce aikin Allis ne zai raba mana gardama. Shekaru da dama masana sun ɗauki histon a matsayin kayan tattara kaya kawai, abin naɗe zare don ya samu wurin zama, shi ke nan. Tun 1964 Vincent Allfrey a cibiyar bincike ta Rockefeller da ke New York ya lura ana liƙa wa histon wani ɗan sinadari, asetil, kuma inda aka liƙa ɗin nan ne ake karanta DNA sosai, amma ba wanda ya kama mai liƙawar, sai maganar ta yi ta yawo ba hujja mai ƙarfi. Allis ya je ya ɗauko wata halitta mai ƙwaya ɗaya tal da ke rayuwa a ruwan tafki, Tetrahymena, wadda mutane da yawa ba su ɗauke ta a bakin komai ba, a 1996 shi da ɗalibinsa James Brownell a jami'ar Rochester suka ciro enzayim ɗin, wato furotin mai aikin, da ke liƙa asetil. Da aka duba sai ga shi ɗan'uwan Gcn5 ne, wani furotin na yis ɗin burodi da tuni an san aikinsa buɗe ƙwayoyin gado ne, wato sassan DNA masu ɗauke da umarni, a karanta su. A shekarar dai Stuart Schreiber a Harvard ya kama mai cire asetil ɗin. Nan magana ta ƙare, ga mai sassautawa ga mai matsewa.

Yadda abin ke aiki kuwa ba wuya, DNA na da caji iri ɗaya, jelar histon na da kishiyarsa, shi ya sa suke manne wa juna, in aka liƙa asetil cajin histon ya ragu sai riƙon ya yi sako-sako, sannan wasu furotin su gane alamar su zo su zauna a kai su kira masu karatu. A 2000 shi da Brian Strahl suka kawo ra'ayin cewa alamomin nan, asetil da metil da sauransu, haɗuwarsu wani rubutu ne na biyu a saman DNA. Har yau akwai masanan da ke ganin kiran shi rubutu ya yi yawa, ni ma ina ɗan jin haka, amma cewa alamomin na aiki ba mai musu. Lambar Lasker ta 2018, babbar lambar yabo ta binciken likitanci, Allis da Michael Grunstein aka ba.

7/ To kun ga, abin da ya dame mu da kuromatin shi ne a matse yake ko a sake. Ƙwayar hantarka da ta idonka DNA ɗinsu iri ɗaya ne sak, inda aka warware a kowacce ne ya bambanta. Shi ya sa nake son kalmar ta fito daga naɗi, don da zarar ka ce naɗi Hausa ta ba ka sauran kyauta: a naɗe, a warware, a matse, a sassauta. Heterokuromatin da yukuromatin ɗin nan da Emil Heitz ya raba a 1928, waɗanda ɗalibai ke haddacewa suna juya su a jarrabawa, sun zama matsattsen naɗi da sakakken naɗi, ko kakata ta ji ta san wanne ne za a iya karantawa. Histon kuma ga kwarkwaro nan muna da shi, duk tela da masaƙi sun san shi.

8/ Wani ƙanena ya kawo "naɗin gado", ma'anar ta zauna amma a rubuce akwai rigima, tunda ba ma sa alamar sauti mai karatu zai ɗauka gadon kwanciya ake naɗewa, wani kuma ya ɗauka an yi wa yarima rawani. Gara a sa zare a tsakiya. DNA ya zama zaren gado, kuromatin naɗin zaren gado, in an riga an gabatar da shi a rubutu a taƙaita a ce naɗin zare.

9/ Sai kuma maganar kunna da kashe ƙwayar gado da nake gani ana rubutawa. Kunna ba laifi, amma kashe ina tsoronta a nan, don Bahaushe in ya ji an kashe abu a jikin mutum ya gama sallamawa. Kuma ba haka ba ne, misalin yana cikin gidajenmu. Jaririn da ke da sikila yawanci lafiya lau yake a watannin farko, don jininsa na amfani da himogulobin, wato furotin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, irin na ɗan tayi, sai wajen wata 6 ciwon ke fara bayyana bayan wani furotin, BCL11A, ya rufe wancan ɗin. Ɗakin binciken Stuart Orkin a Boston ne ya nuna haka a 2008, daga baya a 2013 suka gano wani ɗan yankin DNA da ke tayar da BCL11A wanda naɗinsa a sake yake a ƙwayoyin da ke haifar da jan jini kaɗai. Wurin nan ne maganin Casgevy ke taɓawa, wanda Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka a Disamba, in an taɓa wurin sai BCL11A ya yi sanyi himogulobin ɗin jarirantaka ya dawo. Dala miliyan 2.2 aka sa kuɗinsa a Amurka a 2023, mu 'yan Najeriya da muka fi kowace ƙasa masu sikila wannan wata maganar ce ta daban mai ɗaci. Abin da aka kashe ba ya dawowa, wannan rufe shi aka yi. Don haka buɗewa da rufewar ƙwayar gado nake rubutawa.

10/ Inda na tsaya ke nan: naɗin zaren gado, a ambaci kuromatin sau ɗaya a farkon darasi saboda jarrabawa. Wadda ta rage ban samu ba ita ce sunan dunƙule guda, wato kwarkwaro ɗaya da zaren da ke kansa, nukiliyosom, wanda Karolin Luger ta fitar da cikakkiyar siffarsa a Zurik a 1997. An ce min "ƙulli" amma ƙulli ɗaurewa ne ba zagayewa ba. Masu saƙa da masu kaɗi, da iyayenmu mata da suka riƙe mazari, me kuke kiran kwarkwaron da aka riga aka cika da zare?