Kunkuru ya daina ci a hunturu: barci ne ko ciwo?

Musa Ringim: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kunkurun gida ya shige rami tun da sanyi ya sauko, ko ciyawa ba ya taɓawa. An ce mini barcin hunturu ne, a bar shi har bazara, har da masu cewa a firji ake sa shi. Ya gaskiyar abin?

Malam Habu Kazaure: Wa alaikumus salam. Malam Musa, kada ka kusanci firjin nan. Wannan maganar ta kunkurun Turai ce, irin na Girka da kudancin Faransa. Shi ne ke barcin sanyi na sati 8 zuwa 12, a wurin da ma'aunin zafi ke nuna digiri 5 ko kusa da haka. Yanzu da sanyin Turai ke raguwa, in wurin ya haura digiri 10 sai ya riƙa farkawa yana ƙona kitsen jikinsa alhali cikinsa ba komai. Shi ya sa masu kiwonsa a Ingila suka koma firji, suna ɗora shi a sikeli, in yana rasa fiye da kashi 1 cikin 100 na nauyinsa a wata su tashe shi. Namu babban kunkurun Sahel, mai ƙaya a cinya, ba ya wannan barcin sam. Ramin da yake haƙa na gudun zafin bazara ne da bushewa. Lafewar da ka gani sanyi ne ya kama shi.

Hajiya Binta Gumel: Haka ne Malam. Kuma hunturun da ke zuwa yau zafi gobe sanyi ya fi cutar da shi. Rana ta buɗe ya fito ya cika ciki, dare ya yi sanyi ya sauko ƙasa da digiri 15, abincin ya tsaya bai narke ba, ya fara ruɓewa a hanji. Don haka a ba shi abinci da hantsi bayan ya sha rana kamar awa ɗaya, kada a ba shi da yamma. Ranar da hazo ya rufe rana, a bar shi da ruwa kawai, ba abin da zai same shi.

Musa Ringim: Hajiya, to da dare fa? A shigar da shi ɗaki?

Hajiya Binta Gumel: Ƙarami wanda bai wuce tafin hannu ba, e, a kwali da busasshiyar ciyawa, a ɗaga kwalin daga siminti. Babba kuwa raminsa ya ishe shi in an gyara: a zuba ciyawa mai kauri a ciki, a kare bakin da zana ta ɓangaren arewa maso gabas inda iska ke kaɗowa, a saki buhu da magariba a ɗage da safe. Ban da kaskon gawayi a rufaffen wuri, hayaƙin na kashe shi, kuma kunkuru ba ya saurin janye jiki daga wuta.

Alhaji Sule Birnin Kudu: Ni ƙishirwa na fi ji masa tsoro a wannan lokaci. Sau biyu a sati a zaunar da shi a baho da ruwa mai ɗumi-ɗumi na minti 20, da rana tsaka. Zurfin ruwan ya tsaya daidai inda ƙoƙon sama ya haɗu da na ƙasa, kan yana waje. A goge shi ya bushe kafin la'asar. Farin abin da yake fitarwa da fitsari, in yana da laushi lafiya lau, in ya zama tsaki-tsaki ruwa ya yi masa kaɗan, kuma daga nan tsakuwar mara ke farawa.

Malam Habu Kazaure: Abinci kuma ciyawa ce: kiri-kiri, harkiya, burburwa, ɗanya ko busasshiya da aka yayyafa wa ruwa. Ganyen kabewa jifa-jifa. Harawar wake da ta gyaɗa kaɗan ƙwarai, ta yi masa ƙarfi, tana cikin abin da ke sa ƙoƙon ya tashi tudu-tudu. Sauran tuwo da shinkafar da yara ke tura masa, a hana su. A dafa ɓawon ƙwai a daka, a barbaɗa ɗan kaɗan sau biyu a sati. A kuma cire tumfafiya, zurman da zaƙami daga inda yake yawo.

Alhaji Sule Birnin Kudu: Malam Musa, fito da shi gobe ka duba hanci da ido. Majina, kumfa a hanci, numfashi da baki buɗe, ko ido a kumbure, na iya zama alamar ciwon huhu, sai likitan dabbobi. Kada a ba shi maganin tsutsar awaki mai ivermectin, ko allura ko na sha, yana shanye masa jiki har ya mutu. Ka leƙa ƙafafun ma, ɓera na gwaguyar kunkurun da sanyi ya kwantar.

Musa Ringim: Na gode Alhaji, Allah ya saka. Hancin dai a bushe yake. Ramin ne ya nufi gindin katanga.

Hajiya Binta Gumel: To ka cike shi tun kafin damina, ka fara masa wani a tsakiyar fili ƙarƙashin inuwa. In ruwa ya shiga wancan, katangar ƙasa zaunawa za ta yi a kansa.