Wannan abin da ke rataye a bishiyata, kauci ne?

Baƙon_Florida:
Salam ƴan uwa, mun tare a sabon gida nan jihar Florida ta Amurka, akwai katon itacen oak a bayan gida, duk rassansa wani abu ruwan toka ya rataya kamar gemun tsoho, maƙwabcina ya ce sunansa Spanish moss. Nikam tsorona kar ya zama irin kauci ya shanye bishiyar, in sa a cire ne?

Mai_Lambu:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka malam, ba kauci ba ne. Shi kauci yana huda reshe ya sha ruwan bishiya, wannan ko saiwa ba shi da ita, rataya kawai yake yi, ruwan sama da raɓa da ƴar ƙurar iska yake sha ta wasu ƙananan ɓawo da ke jikin ganyensa. Sunansa na kimiyya Tillandsia usneoides, kuma abin mamaki dangin abarba ne, ba gansakuka ba ce sam, duk da "moss" ɗin da ke sunansa na nufin gansakuka. Akwai ɗan uwansa mai dunƙulewa kamar ƙwallo, har kan wayar lantarki yana zama.

Ummu_Tsirrai:
Haka ne, amma fa in ya yi yawa yana tare wa ganye rana, kuma in ya jiƙe yana nauyi, busasshen reshe na iya karyewa. Rage na saman rufin kawai.

Ɗan_Gwari:
Da can har katifa da kujerun mota ake cusawa da shi hhh. Wanda ya faɗo ƙasa dai sa safar hannu, ƙwari na ɓuya ciki.

Baƙon_Florida:
Na gode, zan rage na saman rufin, sauran tsuntsaye su yi sheƙa.