Ina neman shawara kan dosiye da antaratiyan na aikin koyar da infirmiye

Maman Nana, Tawa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni infirmiya ce IDE, wato mai diplom na gwamnati, na hito daga ENSP, lakwal ta lahiya ta gwamnati a Yamai, shekara 9 ina aiki, 6 a CSI (ƙaramar likita) na ƙauye sauran a pediyatri, sashen yara. Wata lakwal ta lahiya nan Tawa na neman mai koyarwa, sun ce a kai dosiye kuma akwai antaratiyan. Wallahi aikin ga ina son shi har cikin raina, don yaran da ake turo muna sitaj wasu ko lissahin ɗigon ƙarin ruwa ba su iya ba kuma ba laihinsu ba ne, amma ni ban taɓa tsayawa gaban allo ba. Mi zan sa bayan diplom da CV?

Tsohon Majo:
Wa alaikumussalam ɗiyata. Kin ce ba ki taɓa koyarwa ba, to waɗanga 'yan sitaj da kike riƙe wa hannu suna neman jijiya, mi kike yi musu in ba koyarwa ba? Ki je wurin majon sashenku, wato shugaban infirmiye na sashen, ya rubuta miki takardar shaida cewa kin ankadre ɗalibai, wato kin bi da su wajen koyon aiki, shekara nawa, kamar mutum nawa, ya sa hannu da kashe. Ita za ki sa gaba. Takardun formasiyo irin na PCIME (tsarin kula da cututtukan yara) ko na maganin rigakahin masassarar cizon sauro na yara su biyo baya, ki jera su bisa shekara, kar ki zuba su haka nan cikin shemiz.

Sannan ki shirya darasi guda na minti 15 a rubuce, don sau da yawa alli za su miƙa miki su ce bisimilla. Ki ɗauki lissahin ɗigon nan tunda shi ke cin ranki: 500 ml cikin awa 4, ɗigo 20 ke ba da 1 ml, ke nan ɗigo 10000 a raba da minti 240, wajen ɗigo 42 a minti. Ki tai da perfizer, wato igiyar ƙarin ruwa, a jakarki ki ɗaga su gani, ki sa ɗaya cikinsu ya ƙirga da agogo.

Abban Ilham:
Yaya kar ki manta kaziye, takardar kotu mai shaida ba ki da laihi, kar ya wuce wata 3, kuma ki yi legalize na kofi tun yanzu, orijinal ki riƙe a hannu ranar.

Malama Sajfam:
Ƙanwata ni abin da aka tambaye ni wurin antaratiyan shi ne ɗalibi ya yi kuskure gaban marar lahiya ya za ki yi, na ce zan karɓi aikin cikin natsuwa don kare marar lahiya, gyara kuma sai mun keɓe mu biyu. Ki ba su labarin abin da ya taɓa faruwa gare ki na gaskiya, ba tare da sunan kowa ba.

Maman Nana, Tawa:
Allah ya saka da alheri. Baba Majo gobe bayan gardi zan ga majonmu, in na rubuta darasin in turo maka ka duba mini?