Na bar koyon kanikanci na koma aikin juyen mai?

Sabon_Hannu: Salamu alaikum manyana. Ina koyon gyaran inji wajen maigidana, ban kai ga yaye ba, sai aka yi min tayin aikin juyen baƙin mai da sa giris, da albashi duk wata. Ina da buƙatar kuɗin, amma ina tsoron in tsaya a juye har abada. Ga hannuwana suna yin ƙuraje in mai ya daɗe a jikinsu. Duk wanda ya taɓa yin aikin, don Allah ya ba ni shawara.

MaiSifana: Karɓi kawai ƙanena. Sifana, abin kwance filta, mazurari da jak, albashin wata ɗaya ya saya maka su, ka buɗe naka.

Tsohon_Rami: Wane wata ɗaya? Jak mai kyau da ƙafafun tokare mota kaɗai sun cinye na wata uku. Yaro, ji nawa. Wani ya kawo min motarsa da galan ɗin mai a hannu, an rubuta lambar kaurin man 5W-30, hatimi lafiya. Na juye, na sa sabuwar filta, na canza washa, na tayar da inji, na duba geji a gabansa. Bayan sati biyu injin ya buga. Da aka buɗe, man ya yi kauri kamar kwalta, jabu ne. Mai motar ya ce ni ne, ogana bai ce uffan ba, aka riƙa yankar albashina har aka biya inji. Ranar da na gama biya na ajiye musu rigarsu. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Direban_Dare: Allah ya saka maka Baba. Amma ku ma masu juye kuna ɗaure notin ƙasan inji na zubar da mai kamar da gaba, har zaren ya lalace.

MaiSifana: Kai direba ne malam, ka taɓa shiga rami, baƙin mai mai zafi ya zubo maka a hannu? Bar masu sana'a su yi magana.

Direban_Dare: Mu ke biyan ku ai.

Giris: Sabon_Hannu, shawara ɗaya: ka yi bankwana da fararen kaya 😂

Sabon_Hannu: Na gode, amma maganar ƙurajen fa? Da barin maigida?

Injiniya_K: Sa safar hannu ta roba irin ta nitril, kuma ka daina wanke hannu da fetur, man da ya yi aiki yana cutar da fata. Baba Tsohon_Rami, da ka ƙi karɓar man da aka zo da shi daga waje.

Tsohon_Rami: Ka ƙi, oga ya ce ka kori kwastoma? Masu cika tsofaffin galan su sake liƙe murfi su za a kama.

Giris: Ni duk galan da na juye sai na huda shi da wuƙa kafin na yar. Masu zuwa sayen galan ɗin da babu komai ciki, me kuke zaton suke yi da su?

Direban_Dare: To ai yaranku ne ke sayar musu.